Rasuwar 'Yar Kaduna, Jitar da Aka Gasa a Sheme

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika har baki, ni Malam Harisu, malamin aji shida a makarantar firamare ta Mairuwa, a madadin kaina da iyalina, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, da malamai abokan aikina, da duk wanda ya taɓa raɓewa a bayan dangarmu don ya saurara, rasuwar jitata mai aiki da lantarki, wadda aka fi sani da 'Yar Kaduna. Ta rasu a Sheme, a tsakiyar daminar nan, bayan la'asar, a gidan surukina Alhaji Gide mai injin niƙa, yayan mai ɗakina Barakatu. Ba ta yi jinya ba. Gasa ta aka yi.

Ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya bi ni a hankali. Aikina ne in yi bayani daki-daki, kuma ba na son a ce na tsallake wani abu don in cuci wani.

Marigayiya ta shigo gidana a shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, lokacin da kowane malami ya ga ya zama mutum. Wasu suka sayi babur, wasu rediyo mai kai biyu, ni kuwa na hau mota zuwa Kaduna na dawo da ita a kan cinyata, ban yarda an ɗora ta a saman mota ba. Ja ce, amma ba don jan na saye ta ba. Tun da ta rasu malamai da dama sun tambaye ni yadda ake zaɓen irinta, to ga amsa a nan, tunda ita kanta ba ta da sauran amfani sai a yi darasi da ita. Kada ƙyalli ya ruɗe ka. Ɗaga ta ka kai ta ido, ka dubi wuyanta daga ƙasa zuwa sama kamar yadda ake duban sanda, in ka ga ya karkace ka ajiye. Danna kowace tsirkiya a kowane gurbi, ko da mai kanti zai ɗaure fuska. Sannan abu mafi girma, wanda nake so a karanta sau biyu: jita mai lantarki ba ta da murya ita kaɗai. Cikinta ba rami ba ne, gungumen itace ne. Sai an haɗa ta da akwatin lasifikarta take magana, in ba haka ba sai dai ka ji ɗan ƙis-ƙis kamar ɓera a cikin tukunya. Mu da ba mu da wutar lantarki, sai ka nemi lasifikar da ke aiki da batirin mota. Wanda ya sayi jita ya bar lasifika, bebiya ya kawo gida.

An shaidi marigayiya da ladabi. Ba ta taɓa ɗaga murya lokacin salla ba. In na taɓa ta a hankali sai ta ce “tilin, tilin,” kamar ɗigon ruwa daga indararo bayan an ɗauke. In na danne tsirkiyoyin ƙasa da gefen hannu sai ta ce “gurr-ɗum, gurr-ɗum.” Ta yi hidima a bikin raba kyaututtuka na Ƙanƙara. Ta je Sabuwa a bayan akori-kura, kan hanyar da kowa ya san halinta, muka kafe a laka, muka tura, muka isa jiƙe sharkaf, amma da na buɗe buhun da na naɗe ta ko tsirkiya ɗaya ba ta saki ba.

Sai dai duk wannan ba shi ne aikin da za a tuna ta da shi ba.

Mahaifiyata, wadda duk Mairuwa ke kira Inna, tana cikin mata na ƙarshe da suka riƙe waƙoƙin niƙa na garin nan. Tun muna yara da su muke farkawa. A cikinsu akwai sunayen matan da suka durƙusa a kan dutsen gidanmu kafin ita, da shekarar da fara ta cinye gero, da rijiyar da ta rufta, da habaicin da ake yi wa miji mai rowar daddawa. Da injin niƙa ya zo, mata suka huta, kuma ban ce ba su cancanci hutun ba. Amma duwatsu suka koma bayan ɗaki kaji na hawa, waƙoƙin kuma suka bi su. Inna ba ta iya waƙa a zaune hannu sake. Sai ta ji tafiyar dutse, gaba da baya, sannan baitin ke zuwa mata. Ga shi kuma kafaɗunta sun daina ɗaukar niƙa. Barakatu ta gwada yi mata, Inna ta ce hannun yaran yanzu gaggawa gare shi, kamar ana kora su.

Wata rana ina zaune a tsakar gida ina danna “gurr-ɗum” ɗin nan ba da wata niyya ba, sai na ji daga ɗaki an kama waƙa. Ban juya ba, na ci gaba. Da Inna ta kai ƙarshe sai ta leƙo ta ce, “Kai, wannan 'yar Kadunar taka ta san dutse.” Daga nan sunan ya bi ta.

Na sayi rakoda, na aro ta biyu wurin hedimasta, muka shiga aiki. Ga masu sha'awar ɗaukar sauti a gida, abin da na koya shi ne wannan. Ɗakin kwano ba ya yi, murya na dukan rufi ta dawo da ƙarfe a bakinta. Tsohon rumbun ƙasa da aka kwashe shi ya fi kowane ɗaki, don bangonsa na shanye hayaniya ya bar muryar da ɗuminta. Inna ba za ta iya hawa rumbu ba, saboda haka muka fasa masa ƙofa a gefe, muka rataya bargo. Haɗa sauti kuwa ba wani sirri ba ne illa sanin wa zai zauna kusa, wa zai zauna nesa. Murya ita ce babba, ita ke zama gaban rakoda. Jita ƙarama ce, sai ta koma baya, ta juya fuskar lasifikarta ga bango, kamar yadda yaro ke bin dattijo ba ya shan gabansa. In kana son ƙara wani sauti a kai, sai ka kunna rakoda ta farko kana kiɗa, ta biyu na ɗauka. Amma kada ka yawaita, don kowane juyi na ƙara wani “shuuu” a ƙasa, har muryar ta koma kamar daga cikin rijiya. Rani biyu muka yi muna wannan, don Inna ba kullum take da ƙarfi ba, kuma wani baitin sai ta kwana da shi kafin ya dawo mata. Muka tara mafi kyau a kaset guda, sauran kuwa na shafe su na ɗauki wasu abubuwa a kai. Na ɓalle ɗan haƙorin bayansa don kada a ɗauki wani abu a kai, na rubuta INNA a jikinsa da manyan baƙaƙe, irin waɗanda ɗan aji ɗaya ke karantawa daga ƙarshen aji.

Yanzu sai yadda ajali ya zo.

An tura ni kwas na malamai a Ƙanƙara. Ina can Alhaji Gide ya shirya walima a Sheme, don ya sayi sabuwar babbar mota, kuma kowa ya san yana neman kujerar kansila. Ya ga ya kamata a ga abin da ba a taɓa gani ba a walimar kowa. Ya zo gidana da kansa. Barakatu ta ce, “Yaya, Malam ba ya nan, kuma ba ya son a taɓa.” Ya ce, “Ke, ni da na aurar da ke zan ari itace a gidanki ki ce mani sai Malam?” Wace ƙanwa ce za ta tare ƙofa bayan wannan? Ina so duk mai karatu ya sani ba ni da ko ƙwayar zargi a kanta. Ya ɗauki jita, ya ɗauki rakodata da kaset a ciki. Ta nuna masa lasifika da batir ta ce tare suke tafiya. Ya ce ba kiɗan akwati ya zo ara ba.

Abin da ya biyo baya ba ji-ta-ji-ta ba ce. Alhaji ya so a ɗauki walimarsa don tarihi. Ya danna rakoda ta ƙi, saboda haƙorin da na ɓalle. Mutumin da bai san jita na bukatar lasifika ba, sai ga shi ya san in an cusa 'yar takarda a ramin kaset zai ɗauka. Ya cusa, ya danna, ya ajiye rakoda a gefen kujerarsa, ya manta da ita. Ta yi aikinta da aminci. Duk abin da zan faɗa daga nan, da kunnena na ji shi, cikin muryar masu shi.

An yi ruwa da rana, gari ya yi sanyi. Aka miƙa wa Lawwali mai garaya jita aka ce ya kaɗa. Ya taɓa, ta ce ƙis-ƙis. Jama'a suka yi dariya. Kowa a ƙasar nan ya san abin da ake yi wa ganga ko garaya in damina ta sa fatarta ta saki: a kai ta bakin wuta ta ji ɗumi, fata ta ɗame, murya ta dawo. Ana jin Alhaji yana cewa, “Sanyi ne ya kama ta. A kawo kasko.” Ana jin Lawwali yana cewa, “Alhaji, ni dai ban ga fata jikinta ba.” Ana jin Alhaji: “Kai mi ka sani game da kayan Turawa? Fatar na ciki. Matso da ita.” Aka matso. Aka taɓa, ƙis-ƙis. “Ƙara matsowa. A sa gawayi.” Aka sa. Daga nan sai tari ya fara tashi a cikin jama'a, wata murya daga baya tana tambaya ko tayar sabuwar motar ce ke ƙonewa.

Na saurari wannan wuri sau da yawa, don a nan ne marigayiya ta yi maganarta ta ƙarshe. Robar fuskarta ta narke ta zubo. Wuyan nan da na duba a Kaduna na same shi miƙe sambal ya lanƙwashe. Sai siririyar tsirkiya ta ce “tinnng,” ta tsinke, ta tsula wa Alhaji a kunci. Ba ta taɓa dukan kowa ba a rayuwarta sai ranar. Alhaji Gide, mai injin niƙa uku da babbar mota, ya ƙwala ihu a gaban baƙinsa ya ce, “Wayyo Inna!” Daga nan sai a ji shi ƙasa-ƙasa, kusa da rakoda sosai, yana cewa, “Kowa shi ce Lawwali ne.” Daga baya da aka ci aka sha, ya ga maroƙa ba su kai inda yake so ba, sai ya karɓe ya yi wa kansa kirari da waƙa. Ba zan ce komai game da muryarsa ba. Ni malami ne, ba na kushe ƙoƙari.

An dawo mini da gawa a cikin buhun taki, da rakodata da kaset ɗin a cikinta, da saƙon cewa da ma mai ciwo na sayo, kuma Lawwali ya ƙarasa ta. Tun daga ranar ba a kira Lawwali wani biki ba a Sheme. Na jira Alhaji ya zo ya ba da haƙuri, bai zo ba. Mun haɗu a masallacin Juma'a, na gaishe shi kamar yadda ya kamata ƙane ya gai da yaya, ya ce, “Malam, ya aka ji da kayan wasa?” Na ce an gode Allah.

Jita itace ce, Kaduna kuma ba ta tashi ba. Da ita kaɗai ce da na yi shiru. Amma da na juya kaset ɗin na kunna, tun daga farko har kusan ƙarshe babu Inna. Matan dutsen gidanmu, da shekarar fara, da rijiyar da ta rufta, duk Alhaji ya zauna a kansu. Sai a can ƙarshe, inda aka kashe rakodar a Sheme, tsohon ɗaukan ya ɓullo kamar ɗan tsibiri. Ana jin marigayiya ta ce “gurr-ɗum” sau ɗaya, sai dariyar Inna, sai ta ce, “Kai, kashe abin nan, na gaji.” Abin da ya rage ke nan daga aikin rani biyu.

Na kunna wa Inna, don ba na ɓoye mata komai. Ta saurara har ƙarshe, har da kirarin. Ba ta yi kuka ba. Na ce za mu sake, zan nemo wata jitar ko aro ne. Ta ce a'a. Barakatu ta durƙusa ta ce za ta koyi niƙa a hankali yadda Inna ke so. Inna ta ce, “Tashi ɗiyata, ba ke kika shafe ba.” Sannan ta juyo gare ni ta ce, “Wanda ya kashe dutse da inji, ya dawo ya kashe wadda ta gaji dutsen, shi za shi durƙusa shi niƙa. In ya niƙa in yi waƙa. In bai niƙa ba, in tafi da su.” Wanda ya san Inna ya san ba ta maimaita magana. Kuma wanda ya ga yadda ta rame a daminar nan ya san ba maganar da za a bari sai baɗi ba ce.

Marigayiya ta rasu ta bar lasifikarta, tana nan lafiya lau, da ƙarfinta, ana jin ta daga wannan gefen kasuwa zuwa wancan. Ta bar batir, na sa an cika shi. Ta bar rakoda biyu, da rumbu mai ƙofa, da tsirkiyoyi biyar da ba su da sauran abin faɗa. Ta bar tsohuwa guda da waƙoƙi a ciki, da makaɗi guda da aka ɗora wa laifin da bai yi ba. Ta kuma bar kaset, wanda na zauna na yi masa hidimar da ban taɓa yi wa wani ɗauka ba. Na bi ƙa'idar da na faɗa a sama: babba a gaba. Muryar Alhaji na sa kusa, tas, babu kalmar da ta ɓace. Lawwali ya zo rumbu ya sa mata garaya a ƙasa, a hankali, bai karɓi ko goro ba. “Wayyo Inna” kuwa na juya shi daga rakoda zuwa rakoda har ya zama amshi, yana dawowa bayan kowane baiti na kirarin. Na gwada shi sau ɗaya da ƙaramar murya, washegari na ji matan makwabta suna daka da shi. Ban ji daɗin haka ba, don lokacinsa bai yi ba.

Game da jana'iza, na tambayi Liman, ya ce itace ba a yi masa wanka ko salla, kuma haka na zata. Za a binne marigayiya a gindin rumbun da ta yi aiki, a gidanmu na Mairuwa, da hantsin jajiberin kasuwar Sheme mai zuwa. Ba a bukatar kowa ya kawo komai. Maza za su tsaya a zaure. Mutum ɗaya ne aka yi wa izinin shiga cikin gida, shi ne babban mai makoki, Alhaji Gide. Zai cire takalmi da babbar riga, ya gai da Inna, ya faɗa da bakinsa wa ya ce a kawo kasko, yadda Lawwali zai jiyo daga zaure. Sannan ya durƙusa a kan dutse. An tanadi gero. Na san namiji bai saba ba, kuma hannun da ya saba da kunna inji zai yi gaggawa, amma kada wannan ya dame shi. Shekaruna da yawa ina koyarwa, ban taɓa korar ɗalibi don jinkirin ganewa ba. Za mu yi ta maimaitawa har Inna ta ce tafiyar ta yi daidai. Dutse zai zauna can baya, nesa da rakoda, inda marigayiya ke zama. Ba za a ambaci sunan mai niƙa a kaset ba. Waƙoƙin suna da yawa, ba za su ƙare a zama ɗaya ba, saboda haka ya shirya dawowa. Ranar da muka ɗauki baiti na ƙarshe zan miƙa masa kaset ɗin walima a hannunsa, da kwafinsa, ya sa su a kasko da kansa tunda ya san yadda ake yi.

In kuwa uzuri ya hana babban mai makoki halarta, za a ɗage zaman makoki zuwa washegari, a koma da shi kasuwar Sheme, gindin bishiyar da ke kallon injinsa, daidai lokacin da kasuwa ta cika. A can za a kunna kaset ɗin walima, lasifika ta yi ta'aziyyar 'yar uwarta da iyakar muryarta. Daga nan za a kai gaisuwa Faskari, da Ƙanƙara, da Sabuwa in hanya ta yarda, kowace a ranar kasuwarta, har zuwa lokacin zaɓe. Direbobi biyu sun riga sun nemi kwafi, na ce su dakata tukuna.

Barakatu ta karanta wannan sanarwa kafin in kai a buga. Ta ce in cire wurin da na rubuta cewa wataƙila Yaya bai yi da gangan ba. Na cire.

Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya ƙara wa Inna lafiya da numfashi, Ya ba Alhaji ƙarfin gwiwa, da na kafaɗa.

Mai sanarwa, Malam Harisu, Mairuwa. An riga an wanke dutse.